Ɓoye wayoyin babur: kurakuran da na gaji da gani

Abin da ake yayi yanzu a Gombe shi ne tuɓe babur. A cire kariya, a rage bayan firem, a jefar da murafan gefe, a ɗora siririn sit, a fesa sabon fenti, babur ya fito fayau har kana hango wancan gefen titi ta cikinsa. Samarin Jekadafari da Bolari da Pantami kowa so yake ranar rakiyar ango a ce nasa ne ya fi. Ni ba ni da ja a kan wannan, da shi nake cin abinci. Sai dai da zarar an cire murafan nan, tulin wayoyin da kamfani ya ɓoye a bayansu sai su zubo waje kamar kayan cikin akuya a mahauta, mai babur kuma ya ce shi ba ya son ganin ko sili ɗaya. Daga nan ake fara cushe-cushe. Yawancin baburan da ake turo mini wai wuta ta ɗauke, ko batir ya daina riƙe caji, ko fitila na yawan ƙonewa, in na ɗaga tanki sai in tarar ba laifin kamfani ba ne, aikin wanda ya yi wa babur ɗin kwalliya ne. Kuma abu ɗaya ake ta maimaitawa, har na gaji da faɗa da baki.

Zan fara da fiyus, don shi ne wanda ke iya kai mutum asibiti.

Ƙananan baburan nan namu, kamfani kan sa musu fiyus guda ɗaya, yawanci mai amfiya 10 ko 15, a cikin wani ɗan gida na roba kusa da batir. Mai kwalliya yana ganinsa yana reto sai ya ce ya ɓata tsari, ya sa filaya ya datse shi, ya haɗa wayar kai tsaye. Wani kuma ba zai datse ba, amma ranar da fiyus ya ƙone sai ya naɗa masa silin waya ko takardar sigari mai ƙyalli, ya ce ai ga shi wuta ta dawo. Ta dawo mana. Amma ka tambayi kanka me ya ƙona shi? Fiyus ba don fitila ko hon aka sa shi ba, don waya aka sa shi. Aikinsa ya mutu kafin waya ta yi zafi. Batir ɗin babur ƙarami ne a ido, bolt 12 kacal, kana taɓa kansa ba ka jin komai, shi ya sa ake raina shi. Amma bari jar waya ta taɓa ƙarfen firem ba fiyus a tsakani, wutar da zai zuba cikin daƙiƙa kaɗan ta isa ta mayar da wayar jajir, robarta ta narke, ta narka na maƙwabtanta. Kuma wannan jar wayar da ta taso daga batir zuwa makulli, wuta na cikinta dare da rana, ko ka kashe babur ka zare makulli ka sa a aljihu. Wato babur na iya kamawa da wuta a zaure cikin dare kowa na barci.

Ni na ga wannan a jikina. Kafin in koyi sana'ar, ina da wata tsohuwar CG da nake ji da ita, na kai wa wani mai riwaya ya ɓoye mini wayoyinta. Ya huda bututun firem ɗin da ke ƙarƙashin tanki, ya zura su ciki, ya cire fiyus, ya miƙo mini babur tsaf-tsaf, ina ta sa masa albarka. An ɗan kwana biyu, ina kan hanyar Kumo da rana tsaka, sai na ji ƙaurin roba. Na ɗauka wani ne ke ƙona bola a gefen hanya. Kafin in ankara hayaƙi na tasowa ta tsakanin cinyoyina. Na yi tsalle na bar babur, mutanen da ke wurin suka yi ta watsa masa ƙasa, Allah ya sa ba a kai ga tankin ba, amma tiyon fetur ya riga ya fara narkewa. Wayarin gaba ɗaya ya tafi, sit ya tafi, fenti ya tafi, ga ƙuna a cinya da ta hana ni sa wando na tsawon lokaci. Da aka zaro abin da ya rage daga cikin bututun, na ga wurin da idona: bakin ramin da ya huda yana nan da ƙayoyin ƙarfe tsaye, ko gogewa bai yi ba, jar wayar kuma ta sami yanka siriri daidai wurin, tagullarta ta narke ta dunƙule ƙwaya-ƙwaya. Girgizar babur ce ta yi ta goga ta a bakin ƙarfen, kaɗan-kaɗan, har ta kai ga tagulla. Da akwai fiyus, abin da zai faru bai wuce babur ya mutu a hanya in tura shi ba. Da na koma wurin mutumin, cewa ya yi, "Maigida, ai tsautsayi ne." Tsautsayi gaskiya ne, amma ba tsautsayi ne ya cire fiyus ba.

Saboda haka a wurina ba a tattauna wannan. Fiyus yana zama kusa da kan batir na fozitif, bai wuce taƙi ɗaya ba, don duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fiyus ba ta da mai kare ta. In an ƙara kaya, irin su fitilun ado da hon na mota da wurin cajin waya, nakan ba su nasu fiyus daban, don kada hon ya yi laifi a hukunta fitilar gaba cikin dare. Kuma a sa shi inda hannu zai kai ba sai an kwance tanki ba. Wayar sitata mai kauri ita ba a sa mata fiyus, haka take zuwa daga kamfani, don haka ita ce ta fi kowace waya buƙatar riga mai kauri, wato bututun roba da ake zura waya a ciki, da hanya mai tsabta.

Huda firem kuwa, ni dai ba na so, kuma nakan gaya wa mai babur haka. Ƙarƙashin tanki akwai kwari da aka yi daidai wucewar firem, in aka jera wayoyi sosai aka manna su a gefen bututun, ba wanda zai gan su sai wanda ya kwanta a ƙasa yana leƙe. In mutum ya nace sai an bi ta cikin bututu, to akwai wuraren da ko kuɗi nawa zai ba ni ba zan taɓa ba: kusa da wuyan babur, kusa da inda aka yi walda, da inda inji ke rataye. Nan ne nauyi ke taruwa, ƙaramin rami a nan shi ne mafarin tsagewa. Ramin ya zama ƙarami gwargwadon buƙata, a bi bakinsa da magagari ciki da waje, a bi da samfefa har sai ka zagaya ɗan yatsa ba abin da ya karce ka, a shafa fenti don tsatsa, a sa zoben roba, sannan wayoyin su shiga cikin rigarsu, ba tsirara ba. Kada bakin ramin ya kalli sama, in ba haka ba ruwan Agusta zai shiga ya kwanta a ciki, firem ya riƙa ruɓewa ta ciki kai ba ka sani ba. Wajen jan wayoyin, silin tsohon kebul ɗin kuloci nake amfani da shi, yana da ƙarfi kuma yana lanƙwasa. Abin da na haramta wa yarana shi ne haɗi a cikin bututu. Waya ta shiga guda ta fita guda. Haɗin da ka binne inda ido ba ya gani, ranar da ya saki sai an zaro komai kafin a gano shi.

Kan babur ma haka ne. Masu zura wayoyin makunnai ta cikin bututun kai, kada su huda kusa da inda aka damƙe shi a tsakiya, don nan ne yake karyewa, kuma kan babur ya karye kana gudu ba labari ne mai daɗi ba.

A wuyan babur akwai wani kuskure da masu son tsari suka fi faɗawa. Za su ja wayoyi su ɗaure tamau alhali kan babur na kallon gaba, su ja da baya su duba, su ji daɗi. To kai ba ya zama wuri ɗaya. Duk kwanar da aka sha, wayar na miƙewa tana lanƙwasa a wuri guda, tagulla kuwa in aka yi ta lanƙwasa ta takan yi tauri ta tsinke, robar waje kuma lafiya lau. Shi ne za ka ga babur na mutuwa in an karya kai dama, ya tashi in an miƙe, a yi ta canza fulogi da kwayil a banza. A bar wa wayoyin ɗan lanƙwasa a wurin, a juya kai har ƙarshe hagu da dama, a tabbatar ba su miƙe ba kuma ba su shiga tsakanin ƙarfen da ke tare kai ba.

Na biyu da ya ci mini kuɗi shi ne rektifaya. Wannan ɗan ƙarfen mai haƙarƙari da ke maƙale a jikin firem, wanda kowa ke cewa muni ne da shi. Aikinsa biyu ne: ya juya wutar da maganeto, wato ɗan janareton da ke cikin inji, ke bayarwa ta zama irin wadda batir ke karɓa, kuma ya hana ta wuce kima in an ja wuta, wato an murɗa totur. Rarar da ya hana wucewa ba ɓacewa take ba, zafi take zama a jikinsa. Haƙarƙarin nan ba ado ba ne, don iska ta ratsa ta kwashe zafin aka yi su, kuma shi ya sa kamfani ya ɗaure shi a kan ƙarfe a inda iska ke bugawa.

Wata rana na tafi ɗaurin aure Bajoga na bar wa yarona wani aiki ya ƙarasa. Mai babur ɗin ya zo ya same shi, ya ce a kawar masa da wannan abin daga ido. Yaro ya naɗe rektifaya da tef, ya cusa shi cikin akwatin da muka yi ƙarƙashin sit, tsakanin batir da soso, ya rufe. Lokacin kuma Afrilu ne, zafin da kan kai digiri 40 a inuwa. Ba a jima ba mutumin ya dawo yana huci: fitilar gaba ta ƙone, ta baya ta ƙone, batir sabo fil ya kumbura yana wari, CDI ma, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, ya bi su. Da na buɗe akwatin, tef ɗin ya narke ya manne a jikin haƙarƙarin, soket ɗin ya yi baƙi ya lanƙwashe. Na ce wa yaron, kai wa ya ce ka taɓa wannan? Ya ce, "Oga, Alhaji ne ya ce." Alhaji kuwa ya rantse shi bai san an yi haka ba, shi dai ya ce a gyara masa wuri. Aikin daga shagona ya fita, ni na saya komai da kuɗina. Tun daga nan duk wanda ya ce a ɓoye masa rektifaya, nakan nuna masa wurare biyu ya zaɓa: ƙasan akwatin batir ta waje, haƙarƙarin na kallon ƙasa, ko gaban firem ƙarƙashin tanki inda iska ke shiga. A fesa masa baƙin fenti siriri in ana so, ido ba zai kama shi ba. Amma ba a cikin akwati ba, ba kusa da salansa ba, ba a bayan kan inji inda iska mai zafi ke fitowa ba. Ku samari, garin neman gira kada ku rasa ido. Kuma ku koyi auna caji: batir mai lafiya in babur na kashe yana nuna wajen bolt 12.6, in an tayar an ɗan ja wuta ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ka ga ya haura 15, kashe babur, rektifaya ya tafi. Mitar aunawa ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba.

Sai maganar at, wato hanyar da wuta ke bi ta koma negetif ɗin batir ta jikin ƙarfe. Wannan kusan duk wanda ya yi sabon fenti sai ya faɗa. An feshe firem ya yi ƙyalli, an zo an ɗaure wayar at a kan fentin, fenti kuwa ba ya wuce da wuta. Daga nan sai abubuwan mamaki: ka taka birki sigina ta kama, ka danna hon fitila ta dushe, har wani ya fara zargin an yi masa asiri. A kankare fentin daidai faɗin wurin har farin ƙarfe ya fito, a ɗaure da kyau, a shafa giris a kai don tsatsa. Fitilar gaba da makunnan hannu, nakan ja musu wayar at tasu ta musamman zuwa firem. Masu dogara da cewa wuta za ta bi ta cikin boris ɗin wuya, ta cikin giris da ƙura, su ne fitilarsu ke kyaftawa in sun sha kwana. Kada kuma a manta da waya mai kauri tsakanin inji da negetif. In babu ita, wutar sitata za ta nemi hanya da kanta, kuma sau da yawa ta kebul ɗin kuloci take bi. In ka danna sitata ka ji kebul ya yi ɗumi, ga dalilin.

Wayar da ake saye ma abin magana ce. Na sha zaro wayar wayarin gida daga cikin babur, mai sili ɗaya mai tauri. An yi ta ne don ta kwanta a bango shekara da shekaru ba motsi, a babur ba ta daɗewa take karyewa. Wayar sifika ma ba ta aikin nan. Ana buƙatar mai silli da yawa, mai laushi. Kuma a kasuwa akwai wadda za ka gani ja kamar tagulla alhali alminiyam ne aka yi wa rufi. Kankare silin da reza, in ka ga fari a ciki ka ajiye musu abinsu, araha ba ta ado. Ni sau da yawa wayarin tsohuwar mota nake saye wurin 'yan gwangwan in warware, tagullarsa ta gaske ce, robarsa an yi ta don zafi da girgiza, ga launuka iri-iri. Kauri kuma lissafi ne mai sauƙi: raba wat da bolt. Ƙwan fitila mai wat 35 yana jan kusan amfiya 3, mai wat 55 kusan 4 da rabi. Waya mai milimita 1 ta ishi fitilu da sigina, babbar wayar batir zuwa makulli nakan sa 1.5 ko 2. Masu sa waya siririya ƙwarai don ta shige rami cikin sauƙi, fitilarsu ba ta haske kuma wayar na ɗumi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai yin wayarin gaba ɗaya da baƙar waya, wai don kada a gan ta. To kai da ka yi, bayan wata shida ba za ka gane wacce ce wacce ba, balle wani mai riwaya a Dukku ko Kaltungo da babur zai mutu a gabansa. Launi ba a banza aka sa shi ba. Honda tana da tsarinta, kuma yawancin baburan Sin da suka kwaikwayi CG125 sun bi shi: kore at, ja daga batir, baƙi wutar da ke zuwa bayan an murɗa makulli, ruwan lemo siginar hagu, shuɗi mai haske siginar dama, kore mai ratsin rawaya fitilar birki, baƙi mai ratsin fari na kashe inji. Amma kada ka haddace wannan ka ɗauka ko'ina haka ne. A Yamaha baƙi shi ne at, a Suzuki baƙi mai ratsin fari, a Kawasaki baƙi mai ratsin rawaya. Ka ga ke nan wanda ya ɗauko makunnin wani babur ya haɗa baƙi da baƙi ba tare da ya auna ba, yana iya haɗa wuta da at da hannunsa. A bar wa kowace waya launinta, a sa musu baƙar riga a waje, buƙata ta biya.

Wajen haɗi, a murɗe waya biyu da yatsa a naɗe da tef, wannan ba haɗi ba ne, alkawarin dawowa ne. Akwai masu gardama tsakanin dalma da matsewa. Ni matsewa na fi yarda da ita, da filayar da aka yi don haka, saboda dalma kan bi cikin sillin ta sandarar da waya, sai ta karye daidai inda taurin ya ƙare. Inda ba makawa nakan sa dalma kaɗan, in rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, in ɗaure wurin kada ya yi motsi. Wasu ƙwararru da nake girmamawa dalma suke sa wa komai kuma aikinsu na daɗewa, ni dai ga abin da hannuna ya saba. In haɗin da yawa ne, kada a jera su wuri ɗaya su yi ƙullutu, a saɓa su, wannan gaba wancan baya. Shi kuma baƙin tef mai araha, zafin garin nan na narka gam ɗinsa, ya warware, ƙurar hunturu ta manne, wayarin ya koma wani abu mai danƙo da ba ka son taɓawa. Riga nake sawa, tef sai a bakin rigar kawai. Inda waya ke kwance a kan ƙarfe nakan shimfiɗa mata yankin tsohon tiyub, sai dai ba kusa da fetur ba, don fetur na lalata shi.

Sauran ƙanana ne, amma kowanne na taɓa ganin wanda ya tura babur saboda shi. Kebul tai, wato ɗan maɗaurin nan na roba, da aka ja har ya nutse cikin robar waya, yanka yake a hankali, kuma a sayi baƙi, fari rana na busar da shi ya karye. Waya ƙarƙashin sit da aka gwada ba kowa a kai, alhali za a hau mutum biyu ko uku, sit ya sauka ya danne ta. Wayar fitilar baya da aka bi da ita ta cikin murfin taya, ranar da aka ɗauki buhun masara aka faɗa rami taya ta share ta. Batir mai ruwa da aka kwantar a gefe don ya shiga ƙaramin akwati, ruwan batir ya zubo ya ci firem da wayoyi. In dole sai an kwantar, a sayi busasshe wanda aka rufe. Kan batir da ke dab da ƙarfen ƙasan sit ba roba a tsakani. Soket da bakinsa ke kallon sama yana tarar ruwa, musamman a wurin wankin babur. Wayar fulogi da aka ɗaure tare da siraran wayoyin da ke zuwa CDI, inji ya riƙa tari ba dalili. Wurin cajin waya da aka haɗa kai tsaye da batir, yana tsotsa ko babur na kashe, da safe sai kik. Hon na mota ba tare da rile ba, wato ɗan na'urar da ke ɗauke wa makunni nauyin wuta, makunnin hannu ya ƙone. Siginar LED da aka sa ba a canza filasha ba, wato abin da ke sa sigina kyaftawa, ko ta riƙa kyaftawa da sauri ko ta tsaya cak. Fitilar LED a babur ɗin da fitilarsa daga maganeto take shan wuta kai tsaye, ta yi ta rawa har ta mutu. Da kuma walda bayan an gama wayarin, batir da CDI na haɗe. Duk wata walda da fenti a gama su tukuna, wayarin shi ne na ƙarshe. In za a cire batir a fara da negetif, in za a mayar a ƙare da shi.

Makunnin sirri na maganin ɓarayi abu ne mai kyau, ina sa wa mutane. Amma kada a sa shi inda gwiwa ko rigar fasinja za ta taɓa shi ana tafiya.

Kafin ka yanke ko waya ɗaya, ɗauki hoto da wayar hannunka ta kowane gefe, ka manna wa kowane soket takarda ka rubuta sunansa. In ka gama sabon tsarin, kada ka yi saurin sa riga da ɗaurewa. Haɗa komai a buɗe, wayoyi na reto, ka tayar da inji, ka gwada fitila babba da ƙarama, sigina, birkin hannu da na ƙafa, hon, caji. Karon farko da zan haɗa batir, ƙwan fitila nake sawa a gurbin fiyus: in ya kama da haske sosai alhali komai na kashe, akwai inda wuta ke taɓa jiki, kuma ban yi asarar komai ba wajen ganowa. Sai komai ya yi daidai nake rufewa. Sannan in zana tsarin a takarda, in sa a leda tare da fiyus biyu na ajiya, in manna ƙarƙashin sit.

Bayan an rufe ma ban sallami babur ba. Nakan sa yaro mai nauyi a baya mu bi hanya mai gargada, irin ta cikin unguwa da ruwa ya zaizaye, mu sha kwana hagu da dama, mu dawo. Sai in sake ɗaga tanki da sit in bi rigar wayoyin da tocila. Duk inda na ga ta yi sheƙi, ko ta ɗan baje, ko fentin da ke kusa da ita ya goge, wurin na gugar wani abu ke nan, sai a matsar da ita ko a ƙara mata roba. In taɓa rektifaya da bayan hannu, in taɓa soket-soket in ji ko akwai mai ɗumi. Mai babur kuma nakan ce ya dawo da shi bayan ya sha tanki biyu ko uku a sake dubawa, don wata gugar ba ta nunawa a fita ɗaya.